Yadda Ake Shirya Ranar Wasanni a Unguwa Ba Tare da Yara Sun Koma 'Yan Kallo Ba

Idan aka yi hutun makaranta, musamman dogon hutun damina ko na sallah, ƙungiyoyin matasa a unguwanni kan tashi haiƙan su shirya wa yara ranar wasanni. Niyyar mai kyau ce, kuma ana kashe kuɗi ba kaɗan ba. Amma in ka bi sawun kuɗin, za ka tarar sun tafi ne wajen hayar rumfa da kujerun roba da lasifika da ruwan gora na manyan baƙi. Yaran da aka ce don su aka tara jama'a kuwa suna tsaye bayan igiya, rana na dukansu, ana ta jawabi. Kafin a busa usur na farko rabinsu sun sulale, sauran kuma suna kallon yara ashirin da biyu suna buga ƙwallo.

Wannan yana damuna, domin gyaransa ba ya buƙatar ƙarin ko sisi. Shigar yaro cikin wasa da zuciya ɗaya abu ne da ake tsarawa tun a takarda: me zai gani da ya iso, minti nawa zai yi yana jira, wa zai kira sunansa, da me zai koma gida. Bari mu ɗauki misalin yara sittin, 'yan shekara bakwai zuwa sha huɗu, a filin makarantar firamare, tsakanin la'asar da magariba. In naku sun fi haka ko ba su kai ba, sai ku daidaita lissafin.

Ku fara da sanin su waye za su zo

Kafin a zaɓi ko da wasa ɗaya, kwamiti ya zauna ya rubuta: maza nawa, mata nawa, ƙanana nawa, akwai almajiran makarantun allo na unguwar, akwai yaro mai sanda ko mai keken guragu, akwai kurma. Wannan takarda ita za ta zaɓa muku wasanni. In ba a yi ta ba, abin da zai faru sananne ne, za a shirya ƙwallon ƙafa ga samari masu ƙarfi, 'yan mata da ƙanana su zama masu tafi.

Sannan ku yanke shawara a kan abu ɗaya da kuke so kowane yaro ya samu. Ni shawarata ita ce wannan: kada yaro ya bar filin nan bai taɓa kowane wasa da hannunsa ba, kuma bai ji an kira sunansa ba. Duk abin da wani ɗan kwamiti ya kawo daga baya, ku gwada shi da wannan magana. In bai taimaka mata ba, a ajiye shi.

Izini, wuri da lokaci

Ku je wurin mai unguwa da kanku, kada ku aika. Ku ce, "Ranka ya daɗe, yaranka muke so mu tara ranar Asabar bayan la'asar, muna neman izini da albarka." Daga nan sai shugaban makarantar da za a ari filinta, sai liman don ya ambata a masallaci, sai 'yan sintiri biyu ko uku saboda bakin ƙofa. Malaman makarantun allo da na Islamiyya ma a sanar da su, don kada lokacin ya ci karo da na karatu.

Game da lokaci, daga Maris zuwa Mayu kada ku kuskura ku sa yara gudu da tsakar rana. A damina ku tanadi aji biyu a buɗe saboda hadari. Ranar jajibiri a share filin, a tsince kwalabe da ƙusoshi da ƙaya, a ja layuka da toka. Ruwan sha kuwa a ajiye shi wuri biyu ko uku, kada a tara shi a wuri ɗaya ya zama abin turereniya. A samu auduga da bandeji da maganin wanke ciwo, da mutum ɗaya da kowa ya san shi ne mai kula da su.

Wasan yana farawa tun kafin ranar

Wasu masana biyu a Amurka, Marion Clawson da Jack Knetsch, sun bayyana tun 1966 cewa fita shaƙatawa matakai biyar gare ta: ɗoki, tafiya, zama a wurin, dawowa, da tunawa. Masu shirya taro kan kula da na uku kaɗai, alhali ɗoki kyauta ne, kuma shi ke kawo yaro fili da zafinsa.

Saboda haka mako guda kafin ranar a rubuta sunaye a raba ƙungiyoyi shida, kowace da yara goma. Ku kuke rabawa, kada ku bar manyan yara su yi zaɓe a gaban kowa, domin wanda aka bari a ƙarshe ya riga ya fita daga wasan a zuciyarsa tun ba a fara ba. Ku gauraya layukan unguwa da shekaru da ƙarfi. 'Yan mata su sami ƙungiyoyinsu da yayyensu mata masu kula da su, a ɓangaren filin da iyaye za su natsu da shi.

Abin da za ku bar wa yaran shi ne suna da kirari. Kowace ƙungiya ta zaɓi sunanta, ta haɗa kirari na layi biyu, ta yi tuta da tsohon ƙyalle da kara. Yaron da ya kwana uku yana gardama a kan ko a kira su Damisa ko Shaho, ba sai an roƙe shi ya zo ranar Asabar ba. Abin ya zama nasa.

Minti goma na farko

A nan yawancin taruka ke mutuwa. Yara ba sa zuwa lokaci ɗaya, kuma wanda ya zo da wuri shi ne ya fi ɗoki. In aka ce masa ya zauna a jira sauran, an hukunta shi a kan zuwa da wuri. Don haka tun daga bakin ƙofa a sami wanda zai tarbe shi, ya duba sunansa, ya ɗaura masa ƙyallen ƙungiyarsa a hannu, ya nuna masa wani wasa da tuni ya kankama wanda ake shiga a kowane lokaci. Da'irar tafi da waƙa ta isa, ko jifan gwangwanaye da ƙwallon tsumma.

Jawabi kuma, in dole ne, mutum ɗaya, minti biyu. A yi addu'a, mai unguwa ya sa albarka, shi ke nan. Manyan baƙi ba a rage musu daraja ba in aka ba su aiki maimakon makirufo: wannan ya busa usur na farko, wancan ya yi alƙalancin dara. Dattijon da ya durƙusa yana nuna wa yaro inda zai kasa ɗansa a gurbi, yara za su daɗe suna maganarsa fiye da duk wani jawabi.

A sa alama ɗaya ta farawa wadda kowa zai ji. Ku dubi bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi, wanda ya samo asali tun 1934, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Dubban masunta ne ke jeru a bakin kogin Matan Fada da homa da gora, ba wanda ya taɓa ruwa, sai an ba da alama su ruga gaba ɗaya. Wannan jira na ɗan lokaci da rugawar tare su ne ke tayar da tsikar jiki. Ku ma ku jera ƙungiyoyin shida, kowace ta yi kirarinta, a yi shiru, sannan ganga ko usur.

Ku bar tsarin "wanda aka ci ya fita"

In za ku ɗauki abu ɗaya kawai daga rubutun nan, to wannan ne. Gasar fitarwa tana mayar da rabin 'yan wasa 'yan kallo a zagayen farko. Ƙungiya takwas, bayan zagaye ɗaya saura huɗu, bayan na biyu saura biyu. Waɗanda aka fara fitarwa kuma su ne marasa ƙarfi, wato waɗanda suka fi kowa buƙatar a ba su dama.

Maimakon haka ku kafa tashoshi shida a kewayen filin, a riƙa zagayawa. Kowace ƙungiya ta yi minti 12 a tasha, a busa usur, a ba da minti 3 na shan ruwa da matsawa gaba. Shida sau 15, minti 90 ke nan. In an fara ƙarfe huɗu da kwata, kafin shida saura kwata kowane yaro ya taɓa komai, kuma ba lokacin da yara sittin ɗin ba sa cikin wani abu. A kowace tasha ƙungiyar ta rabu biyar da biyar su kara da juna, ko su haɗu su yi ƙoƙarin wuce makin da ƙungiyar da ta gabace su ta bari a allo.

Wajen jera tashoshin, kada mai gajiyarwa ta bi mai gajiyarwa. Ga yadda zan jera su a ɓangaren maza: langa, sai dara, sai tseren buhu, sai kacici-kacici da karangiya, sai bugun fanareti, sai ginin mota ko doki da kara da gwangwani. A ɓangaren mata gaɗa da carafke da 'yar gala-gala da tsallen igiya za su iya maye gurbin wasu, amma a tambaye su tukuna. Sau da yawa za ka ji suna son fanaretin su ma.

Wasanninmu na gargajiya suna da wata fa'ida a nan: ba sa cin kuɗi, kuma ba a ɓata lokaci wajen bayani. Dara gurabe talatin ne a ƙasa, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsakuwa wancan tsinke. A haƙa gidaje biyar tun da safe don yara goma su zauna lokaci ɗaya. Langa kuwa fili kawai take so, sai dai a zaɓa mata wuri mai yashi. Ka'idar da za ku riƙe a kowace tasha ita ce kada layi ya wuce mutum uku. In ƙwallo ɗaya ce ga yara goma, tara suna tsaye. A nemo uku, a kafa raga uku da duwatsu.

Mai kula da tasha kada ya yi dogon bayani. Ya nuna sau ɗaya da jikinsa, ya ce "kun gani? bismillah", sauran dokokin a koye su ana cikin yi.

Kada ya yi sauƙi, kada ya gagara

Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi, haifaffen gidan 'yan Hungary da ya yi aiki a Jami'ar Chicago, ya yi nazarin masu hawan duwatsu da 'yan wasan ces (darar Turawa) da masu rawa da likitocin tiyata, ya fitar da sakamakon a 1975. Abin da ya gano shi ne mutum kan nutse cikin aiki har ya manta da lokaci idan wuyar aikin ta yi daidai da iyawarsa, ya san abin da ake nema, kuma yana ganin sakamako nan take. In aikin ya fi ƙarfinsa sai fargaba, in ya yi masa sauƙi sai gundura.

A fili, ma'anar wannan ita ce kowace tasha ta zama da hawa uku. A jifan gwangwani a ja layi uku, na kusa maki ɗaya, na tsakiya biyu, na nesa uku, yaro ya zaɓi inda zai tsaya. Kada ku zaɓa masa. Za ku ga ɗan shekara takwas ya fara daga kusa, ya ci, ya waiga ya ga ko an gani, sannan ya ja baya taku biyu da kansa. Wannan ja da bayan shi ne alamar tashar tana aiki.

A kacici-kacici a fara da waɗanda kowa ya sani, irin su "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", don bakin kowa ya buɗe da "tsintsiya!" Sannan a matsa zuwa masu wuya, a kuma bar yaran su kawo nasu su ƙure mai tashar har ya ba su gari. A langa a haɗa tsara da tsara. In dole babba ya kara da ƙarami, babban ya riƙe ƙafar da bai saba riƙewa ba.

Maki kuma a rubuta shi a allo babba inda kowa ke gani, da alli, nan take. Yaro yana son ya ga abin da ya yi ya hau allo kafin ya bar tashar.

Yaron da ya maƙale a jikin katanga

Ko yaya kuka tsara, za a sami wanda zai tsaya gefe. Wani kunya ce, wani rigarsa ce yake ganin ba ta kai ba, wani ƙanwarsa aka goya masa. Kada a nuna shi da yatsa, kada a kira shi ta lasifika. Mutum ɗaya ya je kusa da shi, ya rage tsawo, ya ce, "Ƙanena, taimaka mini ka riƙe allin nan, duk wanda ya ci ka ja masa layi." Bayan minti goma sai a ce, "Saura mutum ɗaya a nan, gwada sau ɗaya mana." Yawanci ya riga ya saki jiki.

Ku tanadi irin waɗannan ayyuka tun farko: mai riƙe agogo, mai rubuta maki, mai tuta, mai ganga, mai raba ruwa. A riƙa juya su, kada su zama wurin ajiye waɗanda ba a so. Yaron da shan inna ya taɓa ƙafarsa zai iya zama gwanin dara na ranar, ko mai tsaron raga a zaune in an rage faɗinta. Almajirai a sa su cikin ƙungiyoyi da sunayensu kamar kowa, a ɗaura musu ƙyalle iri ɗaya. Yarinyar da ta zo da goyo a sami wata uwa a inuwa da za ta karɓa mata na rabin awa.

Iyaye da suka zo kallo ma a ba su abin yi, ko da amshin kirari ne. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san wannan: mai ba da labari ba ya ci gaba sai an amsa masa da "ta zo mu ji ta".

Maganar kyauta

A nan nake saɓa wa yawancin kwamitoci. Babbar kyauta guda ɗaya, keke ko waya, tana lalata ranar. Tana kawo maguɗin shekaru, da rigima da alƙali, da kuka. Akwai kuma wani gwaji da masanin halayyar ɗan Adam Mark Lepper da abokan aikinsa suka wallafa a 1973: yara 'yan nazare masu son zane, aka yi wa wasu alƙawarin lambar yabo in sun yi zane, wasu ba a yi musu ba. Bayan kwanaki, waɗanda aka yi wa alƙawarin sun rage taɓa kayan zanen don ra'ayin kansu. Waɗanda aka ba lambar ba zato kuwa sha'awarsu ba ta ragu ba.

Don haka kuɗin keken a raba shi. Kowane yaro ya sami ɗan abu iri ɗaya, littafin rubutu da biro, ko zoɓo da cincin. Ƙungiyar da ta fi maki ta ɗauki abin da ba a sayarwa, kamar tuta ko ƙwarya mai ado da za ta zauna a wurinsu har wani karo. Sai kuma yabo na ba-zata da masu tasha suka lura da shi: wanda ya ɗaga abokin karawarsa da ya faɗi, wadda ta kawo kacici-kacicin da ya gagari kowa, ƙungiyar da ta fi kirari.

Ku tsara ƙarshe kamar yadda kuka tsara farko

A 1993 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun sa mutane tsoma hannu a ruwa mai sanyin digiri 14 na daƙiƙa 60. A wani karon kuma daƙiƙa 60 ɗin ne, aka ƙara 30 ana ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, mafi yawa suka zaɓi mai tsawon, duk da ya fi wahala, saboda ƙarshensa ya fi sauƙi. Abin da mutum ke riƙewa daga wani al'amari shi ne lokacin da ya fi tsanani ko daɗi, da kuma yadda aka ƙare.

Mu kuwa tarukanmu kan ƙare ne da kiran sallah ya riske mu, ana rabon kaya ana wawaso, masu kujeru suna kwashewa. Duk wahalar awa biyu sai ta tafi a minti biyar ɗin nan. Maganinsa shi ne a ƙirgo lokaci daga baya. In magariba shida da rabi ce, a gama komai shida da minti goma, don yara su isa gida ko masallaci da haske.

Bayan tasha ta shida, a yi abu ɗaya babba da kowa ke ciki lokaci guda. Jan igiya ya fi komai dacewa: ƙungiya uku nan, uku can, ko kuma yara gaba ɗaya da 'yan kwamiti da iyaye maza. A sami igiya mai kauri wadda ba za ta tsinke ko ta yanki hannu ba, kuma kada kowa ya naɗe ta a hannunsa. 'Yan mata su yi nasu, ko babbar da'irar gaɗa. A tsayar da shi ana cikin jin daɗi, kada a jira sai an gaji.

Sannan kowace ƙungiya ta zauna a inuwa da mai kula da ita, shi zai raba musu kayansu a zaune, yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya yana faɗin abu guda da ya ga yaron ya yi. "Sani, na ga yadda ka koma layin nesa." "Hauwa, ke kika ceci ƙungiyarku a carafke." Yara goma, minti biyar ya isa, kuma ba wawaso tunda ba wanda ya tashi. A yi kirari na ƙarshe tare, a yi addu'a, a faɗi ranar da za a sake. Ƙanana a haɗa su da yayyensu ko manyan layinsu, 'yan sintiri su tsaya a bakin titi har kowa ya tsallaka.

Washegari

Kada kwamiti ya watse sai ya yi zama ɗaya cikin kwana biyu. Kowane mai tasha ya faɗi inda layi ya yi tsawo, da inda yara suka ƙi tashi da aka busa usur, da inda suka riƙa waige-waige. A tambayi yara biyar ko shida, har da wanda ya tsaya a gefe, wace tasha za a maimaita, wacce za a cire. Hotuna a tura wa iyaye a zauren WhatsApp na unguwa, amma kada a ɗora fuskar ɗan kowa a Facebook ko TikTok sai da yardar iyayensa. Allon maki a bar shi a ƙofar makaranta ko gidan mai unguwa na mako guda. Igiya da tutoci da usur a haɗa su a buhu ɗaya, a rubuta abin da ke ciki, a damƙa wa mutum ɗaya da sunansa ke cikin littafin ƙungiya.